Indo Mai Suyar Kaza a Gidan Gilashi

Duk wanda ya saba bi ta Birnin Kudu a 'yan shekarun nan, in dai yunwa ta taɓa tsayar da shi a bakin titi, ina kyautata zaton ya ci kazar Indo ko da bai san fuskarta ba. Ba a ganin ta. Tana can ciki, bayan ƙofar da aka hana kowa shiga, inda hayaƙi da zafi suke. Ni sunana Mero, ni nake zuba abinci a robobi ina miƙawa ta 'yar taga, kuma shekara biyu cur na yi ina tsaye a gefenta. Don haka abin da zan faɗa ba ji na yi ba, a idona aka yi.

Wajen na Alhaji Ɗan'azumi ne, mai motocin haya. Ya je Kano ya ga irin gidajen abincin nan da ake sallamar mutum kafin ya gama gyara zama, ya dawo ya ce shi ma sai ya yi. Ya raɗa wa wajen wani dogon suna na Turanci, mutanen gari suka ƙi wahalar da bakinsu, suka ce Gidan Gilashi. Daga waje gwanin sha'awa, ga tayil, ga sanyi, ga kujeru ja da fari. Mu da ke ciki mun san kyan ɗan maciji ne.

Bakwai na safe take yi mana muna fere dankali. Daga nan a wanke kaji, a yanka albasa har ido ya gaji da kuka ya haƙura, a ɗora shinkafa. Babu kujera a kicin ko ɗaya. Da can akwai wani ɗan benci, Alhaji ya sa aka fitar da shi, wai mai zama shi ne mai gyangyaɗi. Ana ɗora mana hular raga a kan ɗankwali kamar kifin da aka kamo. Salla bi da bi ake yin ta, ɗaya ta tafi ɗaya ta riƙe wuta, kuma in kika tsaya doguwar addu'a za ki dawo ki tarar da fuska a murtuke. In na koma gida, 'ya'yana cewa suke ina warin ƙosai, kuma duk sabulun da na gwada bai fitar da shi ba.

Abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne agogo. An rataye shi daidai saman taga, kuma doka ce kada mai saye ya wuce minti biyar bai karɓi abincinsa ba. A garin da ko ashana za ka saya sai an tambaye ka gida da gajiya da kwanan yara, mu an hana mu gaisawa. Tsoho sa'an ubanka ya miƙo hannu, sai dai ka miƙa masa leda ka dubi na bayansa. Yarinya sa'ar 'yarka ta ƙwanƙwasa bakin taga ta ce, "Ke, yi sauri mana," ka haɗiye. Na haɗiyi abin da in da abinci ne da na fi Alhaji ƙiba.

Sannan akwai dokar amsawa. Manaja yakan leƙo ta taga ya faɗi abin da aka saya da ƙarfi, kaza biyu, dankali ɗaya, ita kuma mai suya dole ta ɗaga murya ta ce, "An ji." Da haka ake sanin saƙo bai faɗi a hanya ba. Dokar ba ta da wani aibu, sai dai wanda ya ƙirƙiro ta bai san Indo ba, bai kuma san cewa manajan, Rilwanu, ɗanta ne na fari.

Indo 'yar Dingaya ce, ta ƙasar Gwaram, daga gidan da alkunya take da ƙarfi kamar farilla. Ta auri Dabo direba, ta haifi Rilwanu a daminar da aka ba mu jiha, har Dabo yana tsokanar ta cewa yaron nan da Jigawa tagwaye ne. Kamar yadda uwarta ta yi da kakarta, ba ta taɓa faɗin sunansa ba, ba ta yi masa wasa a gaban mutane ba, nono ma sai ta shige ƙurya take ba shi. Da aka yaye shi, wan Dabo da ke Kano ya zo ya ɗauke shi riƙo. Ranar tafiyar tana bakin turmi tana daka, ko kai ba ta ɗaga ba. Mata suka yi ta yabon ta, suna cewa wannan ita ce 'yar gidan mutunci. Ita ce ta gaya mini, bayan shekara talatin, cewa dawar da ta daka a ranar sai da ta zama ƙura, don ba ta san lokacin da ya kamata ta tsaya ba.

Dabo ya rasu a hatsari, ya bar ta da 'yan mata biyu, Hawwa da Hapsatu. Ta kafa rumfar tuwo a tashar Gwaram, ta yi shekara goma sha biyar tana ciyar da direbobi, ta aurar da 'ya'yanta da gumin goshinta. A can ita ce mai kanta, tana da kujerarta, tana zuba wa wanda ta ga dama ƙari. Rannan ta ji labarin Rilwanu ya gama karatu kuma Alhaji Ɗan'azumi ya kawo shi Birnin Kudu ya riƙe masa sabon gidan abinci. Ba a yi wata ba ta bar wa Hawwa rumfar, ta kama ɗaki a bayan kasuwa, ta bi ta hannun Hajiyar Alhaji aka ɗauke ta suya. Wanda duk ya tambaye ta sai ta ce ciniki ne ya ja baya. Ni kaɗai ta gaya wa gaskiya, wata rana muna wanke kaji.

"So nake in riƙa ganin ko ya ci abinci," ta ce, ba ta dube ni ba.

To ga ta ga shi, tsakaninsu bai fi taku huɗu ba, amma ba ta yi masa magana. Idan ya leƙo ya ce kaza biyu, sai ta jefa kaza biyu a mai, bakinta a rufe. Ni nake amsawa a madadinta. Idan gas ya kusa ƙarewa sai ta ce, "Mero, ce wa mutumin ku gas ya yi ƙasa," shi kuwa yana tsaye yana jin ta da kunnensa. Na zama wayar tarho tsakanin uwa da ɗa, kuma ba a ƙara mini ko sannu a kan wannan aiki ba.

Kullum da rana ana ba kowane ma'aikaci shinkafa da yanka ɗaya na kaza. Indo ba ta taɓa cin nata naman ba. Sai ta zaɓi cinyar da ta fi soyuwa, ta naɗe, ta ba ni in ajiye a teburinsa, bayan ta sa na rantse ba zan faɗi daga inda ta fito ba. Shi ya zaci ni ce mai kirkin, yana ta yi mini godiya, ni kuma ina karɓa ba kunya ba tsoron Allah.

Rilwanu ba mugun yaro ba ne, amma a cikin Kano ya tashi, inda ya ga iyayen abokansa suna kiran 'ya'yansu na fari gatsal, har su ja kumatunsu. Ya san al'adar a kai, zuciyarsa ce ba ta karɓa ba. Wata rana da yamma kasuwa ta lafa, ya tsaya kusa da ni yana duba robobi, ya yi magana ƙasa-ƙasa.

"Anti Mero, mai kawo mana ruwa, Inna ta san sunansa. Mai kwashe shara ma ta sani, har tana tambayar sa lafiyar matarsa. Ni ne kawai 'mutumin ku'. Tun ina shekara biyu ta miƙa ni, yanzu kuma ta biyo ni nan don ta nuna wa ma'aikata cewa ban isa ta amsa mini ba."

Na ce, "Kunya ce, Manaja."

Ya ce, "Kunyar da ta fi ƙarfin ɗa, ai ba kunya ba ce, rashin so ne aka sa wa riga."

Na ji maganar cinyar kaza ta zo mini har baki, na tuna rantsuwa, na mayar. Har yau ina jin haushin kaina a kan wannan shirun.

Abin ya fashe ne wata Litinin. Na fita salla, Rilwanu ya leƙo ya faɗi abincin wasu baƙin Alhaji su shida da suka taho daga Dutse. Janareta na ruri, Indo ta ji huɗu, kuma da yake ba ta amsawa balle ta sake tambaya, sai ta soya huɗu. Baƙi biyu suka zauna suna kallon 'yan uwansu suna ci. Alhaji ya shigo kicin da kansa, abin da bai saba ba, ya wanke Rilwanu tas a gabanmu. Ya ce shi gidan abinci ya buɗe, ba zauren surukai ba. Ya ce daga nan zuwa Juma'a, ko dai mai suya ta riƙa amsawa da bakinta kamar kowa, ko a nemo wata.

Bayan ya fita, Rilwanu ya zo ya tsaya a gabanta, ya rusuna kaɗan.

"Inna, kin dai ji. Ba zan iya kare ki ba. Kalma biyu ce. Ki ce mini 'an ji', shi ke nan, ki ci gaba da aikinki. In ba haka ba ranar Asabar in sa ki a mota ki koma Dingaya."

Tana juya kaza da matsami, idonta a kan mai. Can ta ce, "Mero, ce masa Allah ya kai mu."

Ya juya ya fita, na ga jijiyar wuyansa ta tashi. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, taurin kan nan iri ɗaya ne.

Kwana uku na yi ina fama da ita. Ranar Alhamis na ja ta bayan gida wajen famfo, na ce ta ɗauka ni ce shi. Na kumbura murya na ce kaza biyu. Ta ce, "An ji," tsaf, har tana murmushi. Na ce to haka za ki yi gobe, ki ɗauka bango kike gaya wa. Murmushin ya ɓace.

"Mero, kina gani kamar ban gwada ba? Jiya sau uku na buɗe baki. In na ji muryarsa sai maganar ta koma ciki. Tun yana jariri nake danne wannan abu, aka ce haka 'yar halak take yi. Yanzu ina neman ya fito, ya ƙi."

Na ce, "To za ki koma Dingaya ke nan, ki bar shi yana ganin ba kya son sa."

Ta dubi ruwan da ke zuba a bokiti. Sannan ta ce, "Wa zai riƙa zaɓar masa cinya?" Na rasa ko in yi dariya ko in yi kuka, sai na kashe famfon muka koma ciki.

Juma'a ita ce ranar da muka fi tsoro a kowane mako, don da an sauko daga masallaci gari gaba ɗaya yake tuna yana jin yunwa. Ana kukan targaɗe sai ga karaya: tun hantsi injin suya ya ƙi tashi, aka fito da babban kaskon ƙarfe aka ɗora a kan murhun gas. Murhun nan ƙafarsa ɗaya gajeriya ce, da guntun bulo ake tallafe ta. Sau nawa muka yi magana a gyara, kullum sai a ce mako mai zuwa.

Wajen ƙarfe biyu da rabi motoci biyu cike da fasinja suka tsaya a lokaci guda. Layi ya kai har ƙofa. Rilwanu yana leƙowa yana jero abinci, kuma duk lokacin da ya faɗa sai ya ɗan dakata yana kallon bayanta. Ni kuma na kame bakina da gangan, don in ba ta fili. Ina ganin leɓenta yana motsi, babu abin da ke fita. Sau biyar aka yi haka. A na shida bai ma dakata ba.

Sai wuta ta fara ja da baya a ƙarƙashin kaskon. Rilwanu ya shigo da kansa, ya tsuguna a gindin murhu yana duba tiyon gas, kansa a sunkuye, ƙeyarsa daidai ƙarƙashin bakin kasko. A daidai lokacin Sabo, dattijon da ke mana aikin ƙarfi, ya shigo da baya-baya yana jan buhun dankali. Gefen buhun ya daki bulon nan ya zame.

Indo ce kaɗai ta ga kaskon ya karkata. Abin da za ta yi a fili yake, ta ƙwala masa kira ya yi tsalle gefe, mai ya zube a ƙasa. Amma bakin da ya shekara talatin yana bin hanya ɗaya bai san wata ba. Abin da na ji shi ne, "Mero, ce masa..."

Na waiwayo da roba a hannu ina cewa na'am. Shi kuwa ko motsi bai yi ba, don ya saba duk maganar da ta fara da sunana sai ta biyo ta wajena kafin ta iso gare shi. Ba ta ƙarasa ba. Ta saki matsami, ta kama bakin kaskon da hannu biyu, ta fizgo shi ta wajenta.

Ba zan kwatanta abin da tafasasshen mai yake yi wa fata ba. Ya zubo mata daga tafin hannu zuwa gwiwar hannu, ya sauka a ƙafafunta. Rilwanu ɗigo uku ne suka same shi a kafaɗa. Ba ta yi ihu ba, ta dai zauna a ƙasa tana kallon hannuwanta tana salati. A can waje wani yana ta buga bakin taga yana tambayar ina kazarsa.

A motar Alhaji aka kai ta asibiti. Washegari aka gyara ƙafar murhun, aikin da bai ɗauki mai walda rabin awa ba. Ran Litinin aka kawo sabuwar mai suya daga Unguwar Ya, yarinya mai murya kamar ƙararrawa, tana cewa "an ji" tun kafin a gama faɗa. Ban ga laifinta ba, amma sai da na yi mako ban iya kallon ta ba. Likita ya gaya mana tun farko cewa Indo za ta warke, sai dai yatsun ba za su sake lanƙwasawa yadda za ta riƙe matsami ko muciya ba. Haka kuwa aka yi. Matar da ta ciyar da rabin direbobin Gwaram, yau sai an ɗaura mata ɗankwali.

A kwanakin farko ni da Hawwa muke karɓa-karɓa wajen ba ta abinci, don hannuwan duka a naɗe suke. Rilwanu kullum yana zuwa, ya tsaya a bakin ƙofa ya tambayi jiki, ta juya fuska bango. A rana ta huɗu na tare shi a baranda na karya rantsuwata. Na ce masa cinyar kazar nan ta shekara biyu ba ni ba ce, ni ko ƙashi ba zan bar wa wani ba. Na gaya masa dalilin barin rumfar Gwaram, da dawar da ta zama ƙura. In akwai kaffara zan yi. Ya dafa bango ya daɗe a haka.

Da safe ina zaune ina fifita koko sai ga shi. Wannan karon ya shigo har ciki, ya ja kujera ya zauna a bakin gadon, ya karɓi kofin daga hannuna. Indo ta juya bango. Tun da aka yaye shi ba ta taɓa cin ko loma ɗaya a gabansa ba.

"Inna," ya ce, "me ya sa ba ki kira ni ba? Da kin kira ni da duk wannan bai faru ba."

Ta ƙara kafe idonta a bango. Sannan ta ce, "Mero, ce masa na kira. Bakin ne bai fitar ba."

Na buɗe baki zan maimaita kamar yadda na saba, ya ɗaga mini hannu. Ya ɗebo kokon a cokali, ya hura, ya kai kusa da ita.

"Anti Mero ta gama wannan aikin. Inna, juyo ki sha."

A hankali ta juyo, idonta a kan cokalin, ba a kansa ba, hawaye na bi mata ta gefen hanci. Leɓen ya yi irin motsin nan na ranar Juma'a, sau ɗaya, sau biyu.

"An ji," ta ce.

Kwana biyar ke nan da wucewar wa'adin Alhaji. Na tashi na fita na bar su, don ƙarfe bakwai ta kusa kuma akwai buhun dankali yana jira na.